Asusun fansho na ƙashin kai a Ostareliya: zan iya cire kuɗin in yi gini a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Melbourne, shekaruna 41, kuma abin da ya taru a asusun fanshona ya kusa dala dubu 90. Wani mutum ya ce zai buɗe mini asusun da zan riƙa gudanarwa da kaina, wato SMSF, in cire kuɗin in ƙarasa gininmu a Kano, shi kuma ya ɗauki kasonsa. Nawa ake kashewa kan irin wannan asusu, kuma dole ne sai na nemi ƙwararre? Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Gara da hankalinki bai kwanta ba.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Hukumar haraji ta ATO tana karɓar dala 259 duk shekara, doka ta wajabta odita mai rajista da ASIC, hukumar da ke sa ido kan kamfanoni da harkokin kuɗi, ya binciki asusun kowace shekara, ga ladan akanta, wanda idan an haɗa duka yakan kai dubban daloli. Yawancin waɗannan kuɗaɗe ba ruwansu da girman asusu, don haka ƙaramin asusu ne ke jin jiki. Ko binciken da ƙungiyar masu wannan harka ta sa aka yi a 2020 ya nuna sai asusu ya kai wajen dala dubu 200 kafin ya fara gogayya da manyan asusu wajen araha. Inshorar rai da ta nakasa da ke cikin tsohon asusunki ma za ta iya tafiya idan kika kwashe komai.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da nake ji kusan kullum, wai tunda kai ke riƙe da asusun, kuɗinka ne ka yi yadda ka ga dama. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ranar da kika sa hannu kin zama mai riƙon amana, kuma dokar da ta kulle kuɗin a babban asusu ita ce ta kulle su a naki: sai kin kai shekara 60 kin yi ritaya, ko kin cika 65. Ba a ranta wa kai, ba a ranta wa ɗan'uwa, kuma ko gida asusun ya saya, ke da danginki ba ku da damar kwana a ciki, balle ginin iyali a Kano.

Yadda masu irin wannan tayin ke yi kusan iri ɗaya ne. Za su nemi lambar harajinki, hoton fasfo da mabuɗin shiga myGov, wato shafin hulɗa da hukumomin gwamnati, su tura takardu su ce sa hannu kawai ya rage, kuɗi na sauka su yanki nasu, waya ta daina shiga. Ke ce ATO za ta rubuto wa. Za a lissafa abin da kika cire cikin kuɗin shigarki na shekarar a caje ki haraji, a ɗora tara, ana kuma iya haramta miki riƙon asusu har a wallafa sunanki. Idan ma sace kuɗin aka yi, irin wannan asusu ba ya cikin tsarin diyyar gwamnati da ke kare manyan asusu. Abin takaici, mutum ne da ake gaisawa da shi a masallaci ko wurin suna, shi ya sa mutanenmu ke jin nauyin tambayarsa lasisi.

Ki tambaye shi. Doka ba ta tilasta miki ɗaukar mai ba da shawara ba, amma duk wanda zai ce ki buɗe SMSF dole ya kasance ƙarƙashin lasisi, kuma tun Yulin 2016 zama akanta kaɗai bai wadatar ba. Ki duba sunansa a rajistar masu ba da shawara ta shafin Moneysmart na hukumar ASIC, ki kuma nemi shawarar da kuɗinta a rubuce.

Idan matsin rashin lafiya ne ko bankin da ke shirin ƙwace gidan da kike zaune, akwai hanyar halal ta neman cire wani kaso ta hannun ATO, kyauta, ba tare da buɗe sabon asusu ba. Idan kuwa kin riga kin ba mutumin nan bayananki, ki canza mabuɗin myGov yau, ki kira asusunki na yanzu su dakatar da duk wata buƙatar kwashe kuɗi, sannan ki sanar da ATO.