Wasiƙa ɗaya, ambulan ɗaya

Kai yaro, ka tambaye ni me ya sa nake hana ka jera ambulan goma a tebur ka rubuta adireshinsu gaba ɗaya, sannan ka dawo kana cusa takardu. Wai hakan ya fi sauri. To zauna ka ji abin da sauri ya ja mini.

Akwai wani ɗan kasuwa da duk wasiƙunsa ni nake buga masa, tun zamanin tafireta da kabon. Rannan ya zo da guda biyu. Ɗaya zuwa ga kamfanin da ke ba shi kaya bashi, yana roƙon a ƙara masa wa'adi, ya buɗe cikinsa ya ce jarinsa ya karye. Ɗayar kuwa zuwa ga wani da yake bi bashi, mai zafi, cewa in bai biya cikin kwana 14 ba sai kotu. Na buga su tsaf, na karanta masa, ya sa hannu. Na miƙa wa yaron da ke wurina a lokacin, irinka ne sak, gani yake ya fi kowa wayo. Ya rubuta ambulan biyu yana ta surutu da abokinsa a bakin ƙofa, ya ninke, ya liƙe, ya kai gidan waya.

Kamfanin ya buɗe ya ga takardar da ba tasa ba, wa'adi ya cika babu wani roƙo a gabansu, suka tsayar masa da kaya. Shi kuwa wanda ake bi bashi, sai ga shi riƙe da takarda mai sa hannun mutumin, tana cewa ko kuɗin lauya ba shi da shi. Ya ƙi biya, ya kuma bi abokan harka ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu. Ɗan kasuwan ya zo ya tsaya mini a ka, ya zage ni tas a gaban jama'a, ya riƙe kuɗin aikina da suka taru a hannunsa, ya janye duk waɗanda ya kawo mini. Shi yaron ko haƙuri bai ba ni ba. Washegari aka neme shi aka rasa. Yanzu na ji wai shi ma yana da yara yana koya musu aiki. Allah ya kyauta.

Saboda haka a wurina, ka ɗauki wasiƙa, ka karanta sunan da ke samanta, ka rubuta ambulan ɗinta, ka gwada su biyun da idonka, ka liƙe. Sai ka gama da ita hannunka zai taɓa wata. A kwamfuta ma haka: rubuta saƙon, maƙala takardar, buɗe ta ka tabbatar ita ce, adireshin mai karɓa shi ne na ƙarshe.

Inda ake manna kan sarki da inda ake sa kwanan wata, wannan ba zan ɓata yawuna a kai ba. Ninki dai ka kula. Takardar A4 gida uku ake ninke ta don dogon ambulan mai faɗin milimita 220 da tsayin 110, kuma a ninke yadda mai buɗewa zai fara cin karo da kan wasiƙar. Takardar shaida ko ta yarjejeniya ba a ninke ta sam, babban ambulan na C4 ake nema. Sa hannu da shuɗin biro, don a bambance ta asali da kwafi. Adadin kuɗi a rubuta shi da lamba, a maimaita da kalmomi. Duk abin da ya shafi bashi ko shari'a a aika shi da rajista, a liƙa rasit a jikin kwafin da muka ajiye.

Ku yaran yanzu waya ta lalata muku hannu. Kuna gutsure kalmomi, ku faɗa wa babban mutum da buƙata ko gaisuwa babu, sunansa ma ba ku tsaya kun tambayi yadda yake rubuta shi ba. Waccan da ka buga jiya, ka kira mutumin Injiniya alhali likita ne. Ɗauko ta ka sake.