Kada ka yarda da rezon ofis

Ka ce bidiyon da manhajarka ke turawa yana maƙalewa a rabi, kana tambayar yadda za ka tsara API ɗin, wato hanyar da manhaja ke magana da sabar, kwamfutar da ke ajiye bayanai. Jawo kujera, yaro, ka fama mini tsohon gyambo.

Shekarun baya wani Alhaji dillalin shanu ya same ni a shagon nan na Garwa. So yake yaransa su riƙa ɗauko hoton bijimi da ɗan bidiyo daga kasuwar Adumri, masu saye a Yawunde su gani, su turo kafin alƙalami ta waya. Wata 4 na kwashe a kai. A ofis na gwada, kan wifi, fanka na kaɗa ni, komai sumul. Ranar kasuwar farko yaron na tsaye cikin ƙura da kukan shanu, rezo, wato sabis na waya, sanda ɗaya, 4G ta koma 2G. Ni kuwa bidiyon mega 40 a dunƙule na sa ya tafi. Sai ya kusa ƙarewa rezo ya ɗauke, a koma farko. Wannan ma mai sauƙi ne. Mai saye ya danna biya, sabar ta karɓa, amsarta ta ɓace a hanya, manhaja ta ɗauka bai je ba ta sake aikawa. Mutum 3 aka cire wa kuɗi sau biyu a yini guda.

Laifina ne, ban musa ba. Kwana biyu ban rintsa ba har na gyara. Amma Alhaji faɗuwa ce ta zo masa daidai da zama. Ya danne rabin kuɗina, wai na zubar masa da mutunci a idon abokan ciniki. Tun farko don kunya na ba shi kalmar sirrin sabar, ya canza ta, ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa da ya dawo daga Ngaundere da takarda. Har gobe manhajar na aiki, da gyarana a cikinta. Ranar Juma'a shi ke fara miƙo mini hannu yana murmushi!

To, bidiyo a matse shi tun a waya, tsarin matse bidiyo na H.264 a ƙaramin girman hoto na 360p ya isa a ga tozon bijimi. Murya kuma a matse ta da tsarin Opus. Ka yayyanka fayil ƙanana, kowane yanki da lambarsa, in rezo ya dawo waya ta tambayi sabar inda aka kwana, ta ɗora daga nan. Duk buƙatar da ta shafi kuɗi, waya ta liƙa mata lambar da ba ta da biyu. Sabar ta ga lambar karo na biyu, ta maido amsar farko, kada ta taɓa ko dala. In aikawa ta faɗi, a jira daƙiƙa 2, sai 4, sai 8, ba a yi ta bugun ƙofa kamar mai bin bashi ba.

Zancen HTTPS mai tsare sirrin saƙo da JSON, tsarin rubuta bayanai, kada ma ka kawo mini, wanda bai san su ba ya koma sayar da caja. Ku yaran yanzu sai kwafe daga YouTube, mai koyarwar yana zaune a Faransa, wutarsa ba ta taɓa ƙiftawa ba. Ɗauki tsohuwar Tecno ɗin can, kulle ta a 2G, hau babur ka tsallaka gadar Binuwai ka turo mini bidiyon daga can. Kafin la'asar nake son ganinsa.