Sunan fayil daga saba yake fitowa

Yaro, tambayarka ita ce: me ya sa idan malaman makarantar nan ta Mabera suka latsa su sauke sakamakon ɗalibai, fayil ɗin ke zuwa da sunan "sauke.php"?

Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ba ta san gaibu ba. In saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, ba ta faɗa mata suna ba, sai ta ɗauki wutsiyar adireshin ta liƙa wa fayil ɗin. Kai za ka faɗa mata, da wannan layi na PHP, yaren da aka rubuta shafin da shi:

header('Content-Disposition: attachment; filename="sakamako.pdf"');

Kalmar attachment ita ke cewa a ajiye, kada a buɗe a shafi. Ka haɗa da Content-Type: application/pdf don waya ta san da me za ta buɗe shi. Amma fa layukan nan su riga komai fita. Ko fili ɗaya (space) ya tsere kafin <?php da ke buɗe shirin, za ka ga kukan "headers already sent", sunan kuma bai tafi ba.

Alamun zancen nan biyu da suka kewaye sunan fayil ba ado ba ne. In ka cire su, "zango na uku.pdf" na iya sauka a matsayin "zango" kawai, babu .pdf.

Inda aikin yake a wurinmu shi ne haruffa masu lanƙwasa. An gina filename a kan haruffan boko na Turawa, bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Shi ya sa ƙa'idar intanet ta RFC 6266 ta 2011 ta tanadi na biyu mai tauraro, ka aika su tare, marar tauraro a gaba:

filename="karshe.pdf"; filename*=UTF-8''%C6%99arshe.pdf

%C6%99 ɗin nan shi ne ƙ. Sabuwar burauza ta ɗauki mai tauraro, tsohuwa ta wadatu da na farko. Mai tauraron ba ya shiga alamun zance. Kada ka lissafa da hannu, rawurlencode na PHP zai yi maka, har da waƙafin saman da ke cikin 'yan. Ka guji urlencode, shi yana mayar da fili alamar tarawa, sai malam ya ga "zango+na+uku".

Sunan fayil ɗin da wani ya ɗora kuwa, ban yarda ka zuba shi haka nan ba. Cire / da \ da alamar zance da duk wani karyewar layi tukuna.

Je ka gyara, ka gwada a Chrome da Firefox, sannan a wayar Android mai araha irin ta malaman, ka kawo in gani bayan la'asar.