Me ya sa aka goge alamomin da na sa wa kakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan da na shiga wani shafin binciken salsala a intanet, irin wanda jama'a ke haɗa hannu su gina bishiyar dangi guda ɗaya. Duk sanda na shigar da mutum ko hoto ko takarda, sai a nuna mini gurbin sa alama, wadda suke ce wa tag. Ni kuwa sai in cika shi da duk abin da ya zo mini a rai: "kakata", "tarihi", "tsohon hoto", "dangi", "neman taimako". Kwanan nan wani daga cikin tsofaffin hannu ya goge kusan duka, ya bar biyu kacal, ko bayani bai yi mini ba. Gaskiya raina ya ɓaci. Ina kuskurena, kuma yaya ake yi?

Wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bai kyauta ba da ya goge ya yi gum, don baƙo ko da idonsa makaho ne, sai an nuna masa hanya. Amma ki yi haƙuri in ce miki gogewar kanta tana kan daidai.

Ɗauki kalmar "kakata". Kakar wa? A wurinki mutum ɗaya ce a duniya, amma a bishiyar da dubban mutane ke aiki a kai, kusan duk macen da ke ciki kakar wani ce. Haka "tarihi" da "dangi": babu abin da ke shafin da ba su shafa ba, saboda haka ba sa rarrabe komai. Ba don ke ake sa alama ba, ke kin riga kin san inda kika ajiye abinki. Don wani ake sa ta wanda ba ki taɓa gani ba, wataƙila jikan ƙanen kakar taki, da zai zauna wata rana ya rubuta ɗan abin da ya sani a gurbin nema. Abin da irin wannan mutum yake zuwa da shi bai wuce suna da gari da ƙiyasin zamani ba. Su za ki ba shi.

Suna shi ne ya fi cin rai. A yawancin irin waɗannan shafuka, sunan da aka haifi mutum da shi ake bi, ba wanda ya samu daga baya ba. WikiTree, ɗaya daga cikin irin waɗannan shafuka, da aka kafa a 2008, da sunan zuri'a na haihuwa ma yake gina lambar da yake ba kowane mutum. Dalilin a fili yake: a ƙasashen da mace ke ɗaukar sunan miji, idan kika sa mata alamar sunan aure kaɗai, kin yanke ta daga iyayenta da 'yan'uwanta, alhali su ne mai bincike ke ƙoƙarin kaiwa. Sunan aure yana da nasa gurbin, a can za ki sa shi.

Sai rubutun sunan. Magatakardan zamanin da suna rubuta abin da kunnensu ya ji ne, shi ya sa za ki tarar da uba Smith, ɗansa Smyth, a takardu biyu na gari ɗaya. Tun 1918 aka yi rajistar wata dabara mai suna Soundex a Amurka, wadda ke mayar da suna harafi ɗaya da lambobi uku gwargwadon sautinsa, kuma da ita aka tsara fihirisar wasu ƙidayoyin jama'ar ƙasar, kamar na 1880 da 1900 da 1920. A wannan tsari Smith da Smyth duk S530 ne. To amma Schmidt ma S530 ne, kuma ba lallai su haɗa jini da kowa a cikinsu ba. Na'ura tana iya tattaro miki masu kama da juna, ba ta iya ce miki dangi ne. Shawarata ita ce ki fara rubuta sunan a gurbin ki jira ki ga abin da zai fito. In akwai alamar da mutane suka riga suka saba da ita, ki bi ta, ko da rubutunki ya fi burge ki. Sauran rubuce-rubucen ki jera su cikin bayanin mutumin, kowanne da takardar da aka gan shi. Alamar da ke kaɗai kike amfani da ita, ke kaɗai za ki riƙa ganin abin da ke ƙarƙashinta.

Akwai kuma inda sunan zuri'a babu shi sam. A Iceland har gobe ɗan mai suna Jón ana kiransa Jónsson, 'yarsa kuma Jónsdóttir, jikansa kuwa sunan nasa uban zai ɗauka. Duk al'ummar da ke kiran mutum da sunan mahaifinsa haka abin yake: sunan ƙarshe yana sauyawa daga uba zuwa ɗa, kuma mutane dubu da ba su san juna ba suna iya amsa shi. A nan alamar suna ba ta da wani ƙarfi, nauyin yakan koma kan gari da sana'a da zamani.

Gari ma ba ya zama wuri ɗaya, in ana maganar suna. Birnin da yau ake kira Lviv a Yukiren, Lemberg ne a takardun zamanin mulkin Ostiriya, Lwów a ƙarƙashin Poland tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, Lvov a zamanin Tarayyar Sobiyet. Ana iya haihuwar mutum, ya yi aure, ya mutu duk a unguwa guda, takardunsa su nuna garuruwa uku. Oslo ma sai a 1925 ya koma wannan suna, kafin nan Kristiania ne. Al'adar masu wannan aiki ita ce a rubuta wurin yadda ake kiransa a ranar da abin ya faru, a jero daga ƙarami zuwa babba, wato gari, gunduma, jiha, ƙasa, sannan a ambaci sunan yanzu a cikin bayani. Wasu shafukan suna da nasu jerin wurare da suka daidaita. In kin ga irinsa, ki zaɓa daga ciki maimakon ki ƙirƙiro.

Kwanan wata ba ya buƙatar alama, yana da gurbinsa. Abin lura kawai, kada ki mayar da ƙiyasi tabbas. In "wajen 1890" kika sani, "wajen" ɗin ki bar shi.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga shi ne kalmar tag tana da ma'ana ta biyu a wannan fage. Fayil ɗin da ake kwashe bishiya da shi daga wata manhaja zuwa wata, GEDCOM sunansa. Cocin Mormon, masu shafin binciken salsala na FamilySearch, su suka fito da shi a 1984, kuma an sake sabunta shi a 2021. A cikinsa kowane layi yana da gajeriyar alama: BIRT haihuwa, DEAT mutuwa, MARR aure, SOUR madogara, ABT kuma, da ake rubutawa tare da kwanan wata, ita ce "wajen" ɗin da na ce. Waɗannan manhaja ce ke rubuta su, ba ke ba. Na kawo su ne don ki san cewa abin da kika sa a gurbinsa na ainihi zai bi ki duk inda kika koma, amma alamomin da kika ƙirƙira da kanki sau da yawa a hanya suke zubewa. Don haka muhimmin bayani, irin su wa ya haifi wa, kada ya zama a alama kaɗai yake zaune.

Alamar da nake so ki fi jin tsoro ita ce ta hukunci. A 2019 shafin binciken salsala na Ancestry ya fito da wasu alamomi da mutum ke liƙa wa 'yan bishiyarsa, cikinsu har da masu nuna an tabbatar, ba a tabbatar ba, ko kuma hasashe ne. Suna da amfani ƙwarai, in an ji tsoron Allah wajen sa su. Ni kaina sun taɓa kayar da ni. Na samu takardar aure ɗauke da sunan da nake nema, gari ɗaya, shekaru sun yi kusa, sai na buga "an tabbatar" na kwanta barci ina murna. Ashe mutum biyu ne masu suna ɗaya, 'ya'yan wa da ƙane, shekara huɗu tsakaninsu. Sai da na ga takardar rabon gado mai ɗauke da sunan mahaifiyar kowannensu na gane. Kafin nan wasu sun riga sun kwafe, sun ɗora 'ya'yan wannan a kan wancan, kuma ba su tambaye ni hujja ba saboda sun ga alamar. Gyara nawa shafin bai ɗauke ni minti biyar ba, amma bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri ya ci mini watanni. Tun daga nan ba na sa wannan alama sai na haɗa takardar a jikinta, ta yadda mai shakka zai buɗe ya gani da idonsa. Labarin da kika ji daga bakin dattijai madogara ce, kuma mai daraja, sai dai ki rubuta cewa daga baki kika ji, da wanda ya faɗa, da shekarar da ya faɗa.

Hoto kuma, in za ki sa wa fuska suna, ki tabbata kin san ta ko wani da ya san ta ya shaida miki. Masu rai kuwa ki bar su sai da izininsu. FamilySearch ma ɓoye bayanan masu rai yake yi ga kowa ban da wanda ya shigar da su, to kada alama ta zo ta tona abin da tsarin ya rufe.

Yanzu ki koma shafin kakar taki ki duba biyun da ya bari. Ina kyautata zaton sunan haihuwarta ne da garinsu. In haka ne, ki bar su yadda suke, ki kwashe "neman taimako" ki mayar da shi jimla sosai a cikin bayaninta: abin da kika sani, takardar da kika gani, da abin da ya ɓace miki. Sannan ki aika wa mutumin saƙo ki tambaye shi inda ƙa'idar alamomin shafin take, don kowane shafi da tasa, kuma wanda ya ɗauki lokaci ya gyara miki da wuya ya ƙi nuna miki ita.