Amsa: Binciken amincin manhaja ba tare da bayanan babban kamfani ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya rubuta kundinka a Jami'ar Marwa a kan amincin manhajar manyan masana'antu, alhali babu kamfanin da ya yarda ya buɗe maka rajistar kurakuransa. Za ka iya, kuma kada ka ɓata watanni kana jiran takardar izini. Mozilla, mai manhajar shiga intanet ta Firefox, ta bar tarihin kurakuran manhajarta a fili a Bugzilla, shafin da ake kai rahoton kurakurai: ranar da aka kai ƙorafi, tsananin matsalar, da ranar gyara. Aiki ne na ɗimbin injiniyoyi tsawon shekaru, ya ishe ka bincike.

Sharaɗina ɗaya ne, kada ka tsaya ga ƙidayar kurakurai kawai. Duba yanayin da manhajar ta faɗi a cikinsa. A 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse kafin ta cika minti ɗaya da tashi, don an ɗauko manhajar Ariane 4 da ta yi aiki lafiya, amma gudun sabuwar rokar ya haifar da lambar da ta fi ƙarfin gurbin bit 16, wato ɗan wurin da manhajar ta ware don ajiye ta. Ni ma na gani a wani wurin aiki a Garwa: manhajar awon kaya ta ci duk gwajin ofis, amma da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, janareta ya tashi, sai awon motar da ke kan sikeli ya shiga sau biyu. Saboda haka ka sa ɗaukewar wuta da yankewar intanet cikin gwajinka tun daga babin farko.