Kafin Ka Zaɓi Mugun Labarinka

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na maido maka da wasan rediyon da ka rubuta, alhali duk wanda ya karanta ya ce ya yi daɗi. Daɗin nasa ne ya tayar mini da hankali.

Idan ka kawo wa mutum hujja, gyara zama yake yi ya nemi inda zai ƙure ka. Amma ka ce masa "wata mata ce ta fito da dare da ɗanta a goye", sai ya saki jiki, ya bi ka duk inda ka nufa. A 1944, wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim: alwatika biyu da da'ira ɗaya suna yawo a gefen akwati. Ba fuska, ba murya. Amma kusan dukansu labari suka bayar, wai babbar alwatikar azzaluma ce, tana cin zalin ƙananan. To idan zane marar ido ya zama azzalumi a zuciyar mai kallo, ina ga wanda ka sa wa murya?

Yanzu duba wasanka. Miyagun ciki duk harshen ƙabila ɗaya ka ɗora musu, ba mai suna, ba mai dalili. Na san ba da wata manufa ka yi ba, armashi kake nema. Amma mai sauraro da ke jin muryar nan kullum, ranar da ya ji ta a bakin maƙwabcinsa, gabansa zai faɗi bai san dalili ba. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda da kiɗa da barkwanci ya ja matasa tun 1993, yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. A 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 a ƙasar cikin kimanin kwana 100, kuma a 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha, wadda ta yi shari'ar kisan, ta kama Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, da laifi.

Ban ce ka wanke ɓarawon naka ba. Bar shi da muguntarsa, labari ba ya tafiya sai da ita. Sai dai ka ba shi suna, da uwa, da bashin da ya hana shi barci, yadda laifin zai tsaya a kansa shi kaɗai. A fitowa ta uku kuma, wanda zai tona masa asiri ya zama ɗan'uwansa ne, mai irin harshensa.

Gyara ka kawo, mu karanta da baki tare da 'yan wasa.