Murjanin da ya rufe da wanda ya yi fari: kada ka ciro ko ɗaya tukuna

Yaro, na ga saƙonka da hotunan. Ka ce murjani biyu ne suka ɗaga maka hankali a tankin gilashi mai ruwan gishiri na gidan Alhaji: ɗaya ya rufe tun farkon mako, jikinsa ya yi santsi yana sheƙi, ɗayan kuma mai rassa ya yi fari fat. Kana tambaya ko ka ciro su ka yar kafin su ɓata ruwan, kuma kana so in faɗa maka sunayensu. To ka dakata. Kada ka ciro ko ɗaya, kada kuma ka zuba wani magani a ruwan nan.

Hotunan nan duk a ƙarƙashin shuɗiyar fitila ka ɗauke su, ban ga komai a ciki ba sai ƙyalli. Shuɗin haske yana sa launin da ke cikin naman murjani ya yi ta walƙiya, shi ya sa masu sayarwa ba sa son kashe shi. Amma launi ba ya gaya maka jinsi. Murjani guda zai iya zama kore a gidan wannan, ya koma ruwan ƙasa a gidan wancan, don kawai fitilarsu da ruwansu sun bambanta. Idan kana son ka san abin da ke gabanka, ka kunna farin haske ko tocilar wayarka, ka matso da fuskarka jikin gilashi, ka nemi abu biyu: yana da ƙashi a ciki ko ba shi da shi, kuma yatsu nawa ne ke kewaye da kowane baki.

Murjani ba dutse ba ne, ba fure ba ne, dabba ce, kuma abin da kake gani guda ɗaya taron ƙananan bakuna ne da ke zaune tare. Ka ƙirga yatsun baki ɗaya. In ka samu takwas daidai, kowanne da 'yan gashi a gefe da gefe, to mai laushi ne, ba shi da ƙashin dutse: su Sarcophyton, Sinularia, Xenia mai buɗewa da rufewa da kansa. In kuwa shida ne ko ninkin shida, sha biyu, ashirin da huɗu, kuma yatsun sumul suke, kana ɓangaren masu ƙashi da danginsu. Har Goniopora da Alveopora da ke rikita mutane da ƙirga ake raba su: na farko yatsu 24, na biyu 12.

Yanzu na farkon naka. Ka ce yana da ƙafa mai kauri da kai mai faɗi, siffar laimar kwaɗi, kuma da can kan nasa cike yake da 'yan bakuna masu dogon wuya. Wannan Sarcophyton ne, kuma ba mutuwa yake ba, saɓa yake yi. Lokaci-lokaci yakan janye bakunansa duka, ya fitar da wata siririyar fata mai sheƙi a jikinsa, ya zauna haka kwanaki, wani lokaci har ya haura mako. Sai fatar ta fara ɗagowa daga gefe ta tafi da gansakuka da dattin da suka zauna masa, shi kuma ya buɗe ya fi da girma. Taimakon da za ka yi masa ɗaya ne: ka karkato famfon kaɗa ruwa ta yadda ruwan zai riƙa wucewa ta kansa, ba ya buge shi kai tsaye ba. Kada ka sa farce ka ɓare. Idan fatar ta saki, ka tsame ta da raga don kada ta faɗa kan maƙwabtansa.

Yadda za ka gane ruɓewa daban ne. Ka sa safar hannu ka ɗan matsa ƙafar. Mai lafiya tana da tauri, tana mayar da yatsanka. Wadda ta fara ruɓewa takan yi laushi, ta yi baƙi ko rami, naman ya riƙa marmashewa, kuma in ka ɗago shi sama da ruwa hancinka zai ba ka labari kafin idonka. Ko a nan ma ba yarwa ake yi ba, reza ake sawa a yanke ruɓaɓɓen wurin, don irin wannan yana warkewa da sauri. Abu guda da nake so ka riƙe game da shi: yana sakin wasu sinadarai a ruwa da ke takura wa masu ƙashi, musamman lokacin saɓa. Ka canza gawayin tace ruwa a makon nan.

Na biyun shi ne mai wuya, kuma shi ne mai tsada. Ka duba ƙarshen kowane reshe. Idan akwai baki guda ɗaya babba zaune a kan tsinin, sauran ƙanana suna jere a gefensa, Acropora ne. Idan tsinin dunƙule yake, babu wannan bakin na sama, bakunan kuma ƙanana ne ƙwarai sun bazu ko'ina, Montipora ne. Idan rassan sirara ne masu tsini sosai, bakunan sun yi layi-layi, Seriatopora ne. Daga bayaninka na fi zaton Acropora, kuma a cikin ukun shi ne ba ya yafe kuskure.

Farin ma iri-iri ne. Farin tsini kawai ba ciwo ba ne, girma ne, sabon ƙashi ne da launi bai riske shi ba. Farin da ya game jiki kuwa ko dai kodewa ce ko zubewar nama, kuma dole ka raba su kafin ka taɓa komai. A cikin naman murjani akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke karɓar haske su haɗa masa mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launin ruwan ƙasa. Idan ya sha wahala sai ya kore su. Naman yana nan, sai dai ya zama garau har kana hango farin ƙashin ta cikinsa. Ka koma bayan isha'i, fitila a kashe, ka haska tocila daga gefe. In ka ga 'yan yatsu sun leƙo daga ramukan, ko jikin yana da ɗan yauƙi, yana raye, yunwa ce kawai ke gabansa. Zubewar nama kuwa galibi daga gindi take farawa ta yi sama, za ka ga layi a fili tsakanin mai launi da fari, naman yana saɓulewa yana bin ruwa, wani lokaci kafin gari ya waye ya gama. Ƙashin da aka bari yana da kaushi, kuma cikin 'yan kwanaki kore ko ruwan ƙasa zai hau shi. In wannan ka gani, kada ka jira ni. Ka sa almakashin ƙashi ka yanke rassan da ke da lafiya, can sama da layin, ka manna su da gam a kan ƙananan duwatsu, ka fitar da uwar.

Amma tun da ka ce ya yi fari ne gaba ɗaya a hankali, zafi nake zargi. Bazara muke ciki. Ruwan nan digiri 25 zuwa 26 yake so, kuma in ya haura 29 ya zauna haka kwanaki, Acropora zai kode. A teku ma haka ne: ƙarin digiri ɗaya kan zafin da murjani ya saba da shi a lokacin da ya fi zafi a shekara, in ya ɗauki makonni, ya isa. Abin da ya faru ke nan a tekuna da dama a 1998, ya kuma faru a babban tudun murjani na gabar Ostareliya a 2016, kuma daga can da Indonesiya yawancin kayan kasuwar nan suke fitowa. Saboda haka kafin ka buɗe kwalbar awo ko ɗaya, ka tambayi yaran gidan, cikin dabara ba da faɗa ba: da Alhaji ya yi tafiya an kashe na'urar sanyaya falon? An ɗauke wuta da rana ba a tayar da janareto ba? Ma'aunin zafin da ke jikin gilashi abin da ke nan yanzu kawai yake nuna maka, kai kuma da safe kake zuwa lokacin da ruwa ya huce. Ka sa musu irin wanda ke riƙe mafi zafi da mafi sanyi na yini.

Idan ka tarar ruwan da zafi, ka sauke shi a hankali. Fanka ta riƙa hura saman ruwan, ko robar ƙanƙara a rufe tana yawo a ciki. Kada ka jefa ƙanƙarar tsirara. Ka rage ƙarfin fitila, ko ka sauko da shi ƙasa kaɗan, don wanda ya kode ba shi da abin kare kansa daga haske. Ka riƙa ba shi abinci mai laushi ƙwarai da dare, kaɗan-kaɗan. Launin ba zai dawo a makon nan ba, maganar makonni ce har watanni, ka gaya wa Alhaji haka tun yanzu. Ka kuma gaya masa gaskiya, cikin ladabi, cewa mai son Acropora a garin nan sai ya sayi na'urar sanyaya ruwa, ya kuma ɗora famfo a kan inbata. Idan wuta ta ɗauke, duhu ba ya kashe komai a kwana ɗaya ko biyu. Tsayuwar ruwa ce ke kisa, don iskar da ke ciki takan ƙare cikin awowi, kuma ruwan zafi bai riƙe iska kamar na sanyi.

Sai awo. Gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, wato gram 35 a kowane kilo na ruwa. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa da ake kira dKH. Kalshiyam miligram 400 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam wajen 1300. Naitiret da fosfet kaɗan ake so, amma ba sifiri ba, don ruwan da ya yi tsabta fiye da kima shi ma yana kodar da murjani. Na san halinka, da ka ga lamba ta kauce sai hannunka ya kai kwalba. Tankin da alkalinitinsa ya zauna a 7 wata da watanni ya fi wanda aka ɗaga daga 7 zuwa 9 a yini guda lafiya nesa ba kusa ba. In gyara ya zama dole, kada alkaliniti ya motsa fiye da ɗaya a rana, ni rabin haka ma nake yi.

Fankar da na ce ka sa za ta ƙara shanye ruwa, kamar yadda iskar hunturu ke yi. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Don haka cikon da za a riƙa yi da ruwan matatar RO ne zalla, wato matatar da ke cire gishiri da sinadarai daga ruwa, babu gishiri, ba ruwan famfo ba, ba na rijiyar burtsatse ba, ba na leda ba. Ka ja layi a jikin tankin ƙasa, wato wanda ke ƙarƙashin babban inda ake tace ruwa, ka nuna wa yaron da ke kula da shi. Ka kuma roƙi Hajiya kada a fesa maganin sauro a falon, a kuma nisanta kaskon turare, domin injin kumfa, mai tsame datti daga ruwa, iskar ɗakin yake zuƙa ya cusa a ruwa. Kai ma ka wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla kafin ka tsoma, kada man shafawa ya bi ka. Maganin kifi mai tagulla a ciki kuwa, ko kusa da tankin murjani kada ya zo.

A gefen hoto na uku na hango wani mai manyan yatsu masu kauri dab da Acropora ɗin. In kan yatsun a lanƙwashe yake kamar guduma, ko kowane yatsa dogo ne da ɗigo mai haske a ƙarshensa, dangin Euphyllia ne. Da rana ka gan shi salihi. Da dare yakan miƙa wasu dogayen yatsu masu harbi ya ƙone duk wanda ya kai gare shi. Ka ba shi tazarar taƙi guda ta kowane gefe, ka kuma lura da inda ruwa ke kaɗa shi. Ka ɗauke shi ta gindin ƙashin, kada ka fito da shi daga ruwa yana kumbure, nauyin naman kan kaifin ƙashinsa yana yaga shi.

Waɗancan 'yan maɓallan da suka shimfiɗu kan dutsen ƙasa, su nake so ka ji tsoro. Zoanthus ne ko Palythoa. Na biyun ya fi girma, fatarsa tana da kaushi don yana haɗiye yashi a jikinsa. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da dafi mai suna palitoksin, yana cikin mafi muni da aka sani, kuma ba ka iya gane mai shi da ido. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su, kada ka taɓa da rauni a hannu, kada ka kai hannu ido. Dutsen da suke kai kuma ba a kankare shi a busasshe, ba a zuba masa tafasasshen ruwa, don tururin kaɗai ya kwantar da mutanen gida guda a asibiti a ƙasashen waje.

Gobe ka fara da zafi da gishiri, sannan alkaliniti, ka rubuta su a littafin da ke ƙarƙashin tankin da kwanan wata. Ka turo mini hoton tsinin reshen nan da na gindinsa a farin haske, famfo a kashe don ruwan ya tsaya. In ka ga layin nan da na faɗa maka, ka yanka tukuna sannan ka kira ni.